Masu Gadi Uku a Kwamfutar Zuera

Maamobi, Accra
Farkon watan Rajab

Ƙanena Nasrullahi,

Assalamu alaikum. Ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da Sharifa da yara, da zafin Yamai da kuka zaɓa wa kanku. Mu nan alhamdulillahi. Gwiwata ce dai ke yi mini gardama in zan hau trotro, motar hayarmu. Mma tana cin tuwonta sarai, sai dai idon ya ƙara hazo, kunnen kuma sai a hankali. Kullum tambayarta ina autanta, ni da nake wanke mata kaya ba ta taɓa tambayar ina nake ba.

Kada ka yi mamakin ganin takarda da biro a hannun Imoro mai motar albasa, alhali kai ka saya mini kwamfuta don in huta da wannan wahala. Kwamfutar ce damuwar.

An sa ranar auren Shifa, ƙarshen Sha'aban, kafin azumi. Ka san al'adarmu ta Zango, ko da yake ka daɗe cikin 'yan Nijar. Uwar amarya ce ke zaɓen yayi, atamfar da dangi da ƙawaye za su ɗinka iri ɗaya ranar biki. Ba a bari kowa ya san zanen sai kaya sun iso hannu. In 'yan kasuwa suka ji, kafin ka ce kwabo sun cika gari da jabunsa, ranar biki ka ga wanda ba ka taɓa gani ba sanye da kayan danginka yana neman a ƙara masa nama.

Wata mata a Lome ce ke turo mini hotunan atamfofi ta imel. Na zaɓi wata shuɗiya mai zanen mafici. Ko Shifa ban nuna wa ba. Ranar Laraba na shiga kasuwar Nima sayen citta, sai ga shuɗiyata rataye a bakin wani shago, mai shagon har tana ɗago mini hannu: "Hajiya, zo ka gani, yayin Shifa ne, zan rage maka." Ni za a rage wa yayin 'yata. Na dawo gida ban sayi cittar ba.

Washegari na ɗauki kwamfutar na kai wa masu gyara a Circle. Wani mai suna Wasiu ya buɗe, ya girgiza kai, ya ce wataƙila akwai ɗan leƙen asiri a ciki. Wai wata manhaja ce da ke shiga ba sallama, ta zauna tana kwashe duk abin da na kalla da wanda na rubuta tana kai wa masu ita. Tun daga ranar, in zan canza kaya sai na juya fuskar injin bango.

To kai ne ka karanta wannan abu, kai ne kuma ka kawo mini shi gida. Ka faɗa mini maganinsa. Kada ka kira ni a waya kan wannan zance, wayar ma ban yarda da ita ba. In ka kira, gaisuwa ce kawai, in buɗe murya in manna ka a kunnen Mma kamar kullum. Ka ba Imoro amsa in zai juyo.

Awabu na gaishe ka. Ita ce aluwankar Shifa, ita za ta yi mata wankan amarya da lalle kamar yadda ta yi alkawari tun ranar suna. Shekara talatin bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da nata, wa zai taɓa mini 'ya in ba ita ba.

Yayarka,
Zuera

Yamai
Tsakiyar Rajab

Yaya Zuera,

Wa alaikumus salam. Mun ji daɗin labarin Shifa, Allah ya sanya alheri ya kai mu ranar. Duk muna lafiya, sai ƙaramin da ke fitar da haƙori yana hana kowa sakat. Ki gaishe mini da Mma, ki ce mata autanta yana nan yana ƙiba. Ki riƙa shafa wa gwiwar man kaɗanya.

Abin da Wasiu ya faɗa akwai shi a duniya, ba ƙarya ya yi ba. Amma kafin in ba ki kwamfutar nan na sa mata manhajar tsaro, ki ɗauke ta kamar mai gadi. Wata 'yar garkuwa ce a ƙasan allo ta hannun dama. Ki danna ta, ki zaɓi cikakken bincike, ki bar ta ta gama ko da za ta kai la'asar. In ta nemi a sabunta ta ki yarda, domin kullum sababbin ɓarayi ake yi, wadda ba a sabunta ba tsofaffin fuskoki kawai ta sani. Ba ta kama komai da komai, amma tana kama mafi yawa, kuma ta ishe ki.

Abu biyu nake roƙonki. Kada ki bari a ƙara miki wata a kanta, domin biyu a inji ɗaya faɗa suke yi. Sannan in wani shafi ya faɗo yana ƙyalli yana cewa an kama ki, danna nan a cece ki, kada ki danna. Shi ne ɓarawon.

Amma Yaya, in faɗa miki gaskiya, masu yin irin waɗannan manhajoji lambar banki suke nema da kalmar sirri. Tunda nake aikin nan ban taɓa jin wanda ya zauna a wata ƙasa yana farautar atamfa mai mafici ba. Mai gadin kwamfuta abin da ke shigowa cikin injin yake tsarewa, ba ya ganin ɗakin da injin yake ciki. Don haka ki duba da kyau. In kin buɗe hotunan nan, a ina kike zama, kuma wa ke kusa?

Ƙaninki,
Nasrullahi

Maamobi
Ƙarshen Rajab

Nasiru,

Gaisuwa da fatan alheri. Allah ya fito da haƙorin yaro lafiya. Mma na nan yadda ka sani. Man kaɗanya na shafa, gwiwa ta ce ba ta ji ba.

Takardarka ta zo a makare. Kafin Imoro ya iso na riga na koma wurin Wasiu ya sa mini masu gadi biyu a kan naka, ɗaya kore ɗaya ja. Shi ma ya so ya hana, na ce masa gidan Alhaji Abdulsalami masu gadi biyu ne kuma ba a taɓa haura masa katanga ba. To ga halin da ake ciki yanzu. Na kore ya ce na ja ɓarawo ne. Na ja ya kama wani abu na kore ya kulle. Naka yana gefe yana ta roƙo a sabunta shi. Injin ya yi zafi paa, ana iya ɗumama koko a kansa, kuma in na kunna shi bayan asuba sai na gama wanki yake buɗe ido.

Binciken da ka ce, su ukun duk sun yi. Sun kama abubuwa rututu. Wasiu ya ce 'yan alamu ne da shafuka ke bari, ba wani abin tsoro ba, ni dai na ce a kashe su gaba ɗaya. Ranar na ji daɗi har na yi sadakar ƙosai. Na zaɓi sabon yayi, ruwan goro mai zanen makulli. Sati bai zagayo ba na gan shi a kan wata mai tallan ayaba, ta yi gammo da shi.

Ina cikin wannan baƙin ciki takardarka ta iso. Na karanta har inda ka ce wa ke kusa. Na gane abin da kake nufi, kuma na gode da ba ka kama suna ba. Mutum ɗaya ce ke ɗaga labulena ba tare da ta tsaya a ƙofa ba. Duk Juma'a Awabu na zuwa ta ga ɗanta Kassim na Italiya ta kwamfutar nan, su yi ta hira tana ce masa ya rame. Kuma ƙanwar mijinta tana da shagon atamfa a Nima. Yadda ban haɗa waɗannan biyun ba tun farko shi ke ba ni mamaki.

Ban ce mata komai ba tukuna. Amma jiya da ta shigo na rufe murfin injin. Ta dube ni, ni kuma na dubi rufi. Wallahi zuciyata ba ta so, abin yana cina, don ko yanzu miyar da ta aiko ce a gabana.

Na zaɓi na uku. Wannan karon ko kai ba zan faɗa wa ba. Bari in tsaya nan, Imoro yana waje yana jira, kuma ina da ɗan abin da zan yi wurin Mma kafin in miƙa masa takardar.

Yayarka,
Zuera

Yamai
Farkon Sha'aban

Yaya,

Gaisuwa a gurguje, muna lafiya, Allah ya sa ku ma haka.

Yayinki na uku kore ne mai zanen abarba da ɗigon ruwan zinare, kuma matar Lome ta ce kayan za su biyo ta bakin iyakar Aflao.

Ki zauna, ban shiga kwamfutarki ba. Imoro ne ya faɗa mini tun kafin ya ciro takardar daga aljihu. Ya ce, "Oga Nasiru, Allah ya sa alheri, koren nan zai yi kyau paa." Na ce wa ya nuna maka? Ya ce ba wanda ya nuna masa komai, yana zaune a benci a waje wurin mai koko ya ji. Shi da mai kokon, da masu jiran koko, da wani mai gyaran takalmi wanda ya ce shi ruwan goron ya fi so.

Yaya, abin da kike yi ne kin saba da shi har ba kya lissafa shi. A gidanmu ba a yanke komai na aure sai Mma ta sa albarka. Kina ɗaukar kwamfutar ki kai mata tsakar gida inda take shan iska. Ba ta gani, sai ki kwatanta mata. Ba ta ji, sai ki ɗaga murya. Ke kuwa muryarki ko ba ki ɗaga ba liman yana jin ta daga masallacin layi. Imoro ya ce kina cewa abarba, Mma na cewa me, kina ƙara cewa abarba, har wani daga waje ya taya ki faɗa. Gida cike da 'yan haya, ƙofa a buɗe, titi a bakin ƙofa. Babu manhajar da aka taɓa yi a duniya da za ta tare wannan.

Tambayar da na yi miki ba Awabu nake nufi ba. Ban nufi kowa ba, tambaya ce irin wadda muke yi wa duk mai kawo ƙorafi.

Na so in kira ki, amma kina ɗauka za ki manna ni a kunnen Mma gida duka na ji, in ce me? Na turo imel, na kuma san masu gadinki uku ba za su bari ki gan shi ba kafin sallah. Na kira Shifa, ta ce ita amarya ce ba ta da baki, kuma tana so ta kai ranar aurenta da ranta. Don haka na roƙi Imoro ya yi lodi ya juya da wuri.

Don Allah, don Annabi, kada ki ce wa Awabu komai. Ki cire na kore da na ja, ki bar nawa.

Nasrullahi

Maamobi
Tsakiyar Sha'aban

Nasrullahi,

Ina gaisuwa, ko da yake ban san ko ka cancanta ba. Ban ga Imoro ba, ban ga takardarka ba. An ce motarsa ta lalace wajen Kintampo, har an aiko kasuwar kayan mota ta Abossey Okai neman wani ƙarfe. Wannan takardar wani direba Abubakari na ba, in ta iso ka gode masa. Lafiya dai muna nan da sauranta.

Na ukun ma ya fita. Ranar Asabar aka yi suna a layinmu, mata suka zo da koren abarba, ɗaya har da ɗankwali da jaka. Na dawo na kunna injin, na yi salla, na dafa shinkafa, ya buɗe. Masu gadin nan uku da ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba, ranar duk suka ce lafiya lau. To in injin ya ce ba kowa a cikinsa, kai kuma ka ce a dubi na kusa, me ya rage?

Da safe na sami Awabu a famfo, mata na layin ruwa.

Na ce, "Awabu, na ga ƙanwar mijinki ciniki na kyau kwanan nan."

Ta ce, "Alhamdulillahi. Me ya kawo zancen?"

Na ce, "Ba komai. Kassim dai daga yau ya nemi wata hanyar ganin uwarsa."

Ta sauke bokiti. Ta ce, "Zuera, ni kike nufi?"

Na ce ni ban kama suna ba. Ta daɗe tana kallona kamar za ta faɗi wani abu. Ta waiwaya wajen da Mma ke zaune, ta sake kallona, sai ta ɗauki bokitinta ko rabi bai kai ba ta shige ɗaki. Da la'asar aka dawo mini da ƙwaryar lalle da turaren da na kai mata tun watan jiya. Ba saƙo, ba komai.

Yanzu ba yayi a ɓoye, ba aluwanka. An ce akwai wata a Sabon Zango da ake ɗauka haya, wadda ko sunan Shifa ba ta sani ba. Shifa ta yi kuka ta ce in ba Mma Awabu ba, ba mai zuba mata ruwa, ta gwammace ta tafi gidan miji haka. Dangin ango sun fara aiko da tambaya ran da za a sa lalle. Ni kuma ina jin tarin Awabu ta bango, hannuna ya kai kan kwalbar zuma, sai in tuna muna faɗa. Na san na yi daidai. Na yi daidai, amma abinci ya ƙi shiga.

Mma na ta tambaya me ya hana Awabu zuwa gaishe ta. Na ce mata mura take yi. Sai da na faɗa na ƙara faɗa kafin ta ji, ina gamawa na ji Awabu ta rufe tagarta da ƙarfi. Ka ga irin halin, har maganata da uwata take saurare.

Ka rubuto. Kai ka fara wannan zance.

Zuera

Maamobi
Sati ɗaya kafin biki

Ƙanena,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, Mma na lafiya, Allah ya sa ku ma haka. Wannan ta imel na turo, ka ga alama ke nan.

Imoro ya iso, rabin albasarsa ta tsiro. Takardarka ta sha ruwan albasa amma ta karantu. Na karanta a tsaye, sannan na zauna na sake karantawa. Da farko na ce sharri ne, muryata ba ta kai haka ba, kai da Imoro kun haɗa baki. Sai na ce bari in gwada. Na je wurin Mma na ce mata yau miyar ayoyo zan yi. Ban kai ƙofar ɗakina ba mai koko ta leƙo daga titi ta ce in ajiye mata kaɗan.

Ka san abin da ya kamata in yi nan take. Ban yi ba. Na hau trotro na tafi Circle, Wasiu ya cire na kore da na ja, ya sabunta naka, injin ya huce ya koma buɗewa kamar da. Naka ya yi bincikensa ya ce ba kowa, kuma gaskiyarsa ce, tun farko ma ba kowa. Na dawo na share ɗaki. Na wanke labule. Na aika wa matar Lome cewa koren abarba za a bari, tunda rabin Maamobi sun riga sun ɗinka, sai dai a ƙara shinkafa. Da na rasa sauran aikin da zan fake da shi, na sayi goro, na ɗauki ƙwaryar lallen, na fita daga ƙofata zuwa ƙofar da ke jikinta. Ban taɓa yin tafiya mai nisan wannan ba.

Na yi sallama, abin da ban saba yi a ɗakin nan ba. Tana zaune tana tsince wake. Ba ta ce in shigo ba, ba ta ce in koma ba, sai na shiga na durƙusa.

Na ce, "Awabu, Nasiru ya rubuto. Ashe ni ce."

Ta ce, "Na sani."

Na ce, "Tun yaushe?"

Ta ce, "Tun mafici."

Na ce to me ya hana ki faɗa mini, kika bar ni ina ta ɗaukar masu gadi, kika bar ni na tsaya a famfo na yi abin da na yi?

Ta ci gaba da tsintar wakenta. Ta ce, "In na faɗa miki, za ki daina kai wa Mma. Tsohuwar nan abin da ya rage mata a gidan nan ke nan, a zo a tambaye ta. Na ce atamfa ce, ta fita mana. A famfo ma na so in faɗa, na ga tana zaune, na ce ba a gabanta ba."

Sai ta ture faifan gefe ta dube ni.

Ta ce, "Zuera, shekara talatin ina jin ki ta bangon nan. Na ji faɗanki da marigayi mijinki, na ji shiryawarku. Na ji abin da likita ya faɗa miki shekarar nan da ko Nasiru ba ki gaya wa ba. A cikinsu wanne kika taɓa tararwa a kasuwar Nima?"

Kada ka tambaye ni zancen likitan, ya wuce tuntuni. Kunya ta rufe ni, na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar baban Shifa. Ita ma idonta ya kawo ruwa, ta ce hayaƙin gawayi ne, alhali ba a hura wuta ba.

Ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban matsa ba. Ta ɗauki goro ɗaya ta ɓare, ta ba ni rabi. Sannan ta jawo ƙwaryar ta shinshina lallen, ta yamutsa fuska, ta ce wannan ya kwana biyu, 'yarta ba za ta sa shi ba.

'Yarta ta ce, Nasiru. Ban gyara mata ba. Gobe da safe za mu kasuwa tare mu sayo sabo.

Yayarka,
Zuera